Bindigar Kakana

Bindigar kakana mai baki biyu ta shekara goma rataye a zaure, har danshin damina ya sa tsatsa ta cinye bakinta. Ranar Asabar na sauko da ita, na duba babu harsashi, na raba ƙarfen da ƙotar.

Kawu ya ce in goge da samfefa. Na ce a yi haƙuri, Kawu, samfefa za ta shafe rubutun jikinta. Sai na wanke maiƙon tas, na tafasa ƙarfen a kwamin ƙarfe wajen rabin awa. Jan tsatsar nan ta rikiɗe ta koma baƙa! Na murje da soson ƙarfe mai laushi, na shafa mai.

Ramukan da tsatsa ta yi kusa da kunamar bindigar dai suna nan.