Hayar fim ta gidan waya a Amurka: abin da kwastoma ya samu da abin da ya sha

Shekara 25 kamfanin Netflix ya yi yana aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya a Amurka, daga 1998 har zuwa 29 ga Satumba, 2023, ranar da ya tura na ƙarshe. Da bakinsa ya ce faifan da ya aika a tsawon wannan lokaci sun haura biliyan 5. Reed Hastings da Marc Randolph ne suka kafa shi a jihar Kalifoniya a 1997. Da farko haya ce ta ɗaiɗai, ka biya kowane faifai da kuɗinsa. A 1999 aka shigo da biyan kuɗin wata, kuma wannan tsari ne ya ja jama'a, domin ya kawar da abin da ya fi ci wa masu haya a shago tuwo a ƙwarya, wato tarar makara. Ka riƙe faifai kwana ɗaya ko wata uku, ba wanda zai ce ka ƙara ko sisi.

Ga yadda abin yake tafiya a wancan lokaci. Mutum zai yi rajista a shafin kamfanin da katin banki da adireshin gida, ya zaɓi faifai nawa yake so su kasance a hannunsa a lokaci guda, ɗaya ko biyu ko uku ko fiye. Daga nan sai ya jera finafinan da yake so a jerin gwano, na sama shi ne na farko. Kamfanin zai ɗauko na saman ya sa a jar ambulan ya aika. Ambulan ɗin ita ce ta zuwa, ita ce ta komowa: za ka yage fallen waje mai ɗauke da adireshinka, sai adireshin kamfanin ya bayyana a ƙarƙashi, an riga an biya kuɗin kan sarki. Faifan yana cikin wata 'yar farar riga mai lambar da na'ura ke karantawa. In ka gama kallo ka mayar da shi rigarsa, ka zura a ambulan yadda lambar za ta leƙo ta 'yar tagar da aka yanka, ka ɓare takardar gam ka liƙe, ka jefa a akwatin wasiƙa. Da ya isa cibiyarsu ta karɓa da aika faifai, sai su turo na gaba a jerin.

A talla cewa ake yi hayar ba ta da iyaka. Amma iyakar tana nan, gidan waya ne ya shata ta, kuma duk wanda bai gane wannan ba kuɗinsa ya yi ta tafiya a banza.

A lissafa. Wanda yake zaune kusa da cibiya, an aika masa faifai Litinin, ya iso Talata, ya kalla da daddare, ya jefa Laraba da safe kafin a kwashe wasiƙu, ya isa gare su Alhamis, su aika sabo a ranar, ya iso Juma'a. Zagaye ɗaya ya ci kwana uku ke nan, kuma Lahadi ba a raba wasiƙa. In an matsa, gurbi ɗaya, wato damar riƙe faifai ɗaya a lokaci guda, zai ba da faifai biyu a mako, kamar takwas a wata. Mai gurbi uku, a takarda, zai iya kaiwa ashirin da 'yan kai. Wannan sai wanda ba ya bari faifai ya kwana biyu a gidansa. A ƙarshen 2004 tsarin faifai uku yana kan dala 17.99 a wata. Wanda ya kalli 12 ya biya dala ɗaya da rabi a kan kowanne, ya ci riba sosai a kan shago. Wanda ya kalli uku kacal ya biya dala 6 a kan kowanne, gara ma ya je shago. Akwai kuma da yawa da suka ɗora wani fim mai nauyi a kan talabijin suna cewa sai ranar da suka samu natsuwa, ya yi wata biyu yana shan ƙura, kuɗin wata kuwa yana fita daga katinsu ba fashi. Rashin tara bai hana su biyan kuɗin makara ba, sai dai ba su gan shi a rubuce ba.

Shi ya sa waɗanda suka ƙware a harkar suke lura da lokacin da ake kwashe akwatin unguwarsu. Faifan da aka jefa bayan an kwashe ya yi asarar yini guda. Wanda aka jefa yammacin Asabar kuwa zai kwana biyu a akwati, ba zai motsa ba sai Litinin. Nisa ma yana da nasa. Lokacin da harkar ke kan ganiyarta cibiyoyin kamfanin sun haura 50 a faɗin ƙasar, mafi yawan kwastomomi suna samun faifai washegari. Mutumin ƙauye mai nisa da cibiya yana jira kwana biyu ko uku a kowace tafiya, ga shi kuɗin da yake biya daidai yake da na ɗan birni.

Sai batun da ya fi tayar da ƙura. Kowane faifai da ya je ya dawo, kamfanin ya biya kuɗin gidan waya sau biyu, ban da ladan ma'aikata da tsufan faifan. Kwastoma mai saurin mayarwa asara yake jawo musu, mai jinkiri shi ne riba. Masu yawan haya suka fara lura cewa sababbin finafinai ba sa zuwa musu, kullum a jerinsu an rubuta doguwar jira, alhali maƙwabcin da ya yi rajista jiya ya samu fim ɗin nan take. Wani lokacin kuma faifansu ya isa cibiya amma ba a aika na gaba sai washegari, ko a turo shi daga wata cibiya mai nisa. A 2004 aka shigar da ƙara a San Francisco a madadin kwastomomi kan cewa tallar ta yaudare su. A 2005 kamfanin ya gyara sharuɗɗansa, ya faɗa a fili cewa idan faifai ya yi ƙaranci yana fifita waɗanda suka fi ƙarancin haya, daga baya aka sasanta ƙarar. A ganina fifikon kansa ba abin mamaki ba ne, kowane ɗan kasuwa yana kare jarinsa. Laifin shi ne shirun da aka yi tun farko, mutum yana zargin gidan waya a kan jinkirin da ba nasu ba.

Dabarar da mutane suka gano game da sababbin finafinai mai sauƙi ce. A Amurka ranar Talata aka saba fitar da sababbin faifai, kamfanin kuma yana fara aika su tun Litinin. Don haka sai ka ɗora fim ɗin a saman jerinka, ka mayar da faifan hannunka yadda zai isa cibiya Litinin da safe, gurbinka a buɗe daidai lokacin da kwafin ke cike a cibiyar. In ka kuskure wannan rana, duk kwafin sun watsu gidajen mutane, sai ka jira su dawo, kuma ba ranar da aka yanka wa kowa. Wannan dabara ta rage amfani daga 2010, lokacin da Netflix ya yi yarjejeniya da kamfanonin shirya fim, Warner Bros., sannan Universal da Fox, cewa sabon faifansu sai ya yi kwana 28 a kasuwa kafin a fara ba da shi haya.

Jerin gwanon yana da wani tarko. Idan na farko ba ya samuwa, na'ura tana tsallakawa ta ɗauki na biyu ko na uku ba tare da ta tambaye ka ba. Ga fim ɗaya-ɗaya wannan ba komai ba ne. Amma ga shiri mai dogon zango da aka raba a faifai biyar ko shida, kowane faifai haya guda ne, kuma kashi na uku na iya riga na biyu isowa, ya zauna ya tare gurbi ba za ka iya kallonsa ba. Maganin shi ne kada ka jera su duka a sama. Ka sa wani fim daban a tsakani, ka riƙa ɗaga kashi na gaba da hannunka bayan na baya ya iso. Gidan da ke da miji da mata da yara kuwa rigimarsu ita ce wa zai hau saman jerin. Kamfanin ya ba da damar raba gurabe, kowa da jerinsa a asusu ɗaya. A 2008 ya sanar zai soke wannan, kwastomomi suka yi ca, cikin 'yan kwanaki ya janye.

Faifan da kansa ya sha wuya. Ambulan ta takarda ce, babu kwali, babu roba, domin a haka ne za ta wuce a farashin wasiƙa. Injinan tantance wasiƙu suna lanƙwasa ta, shi ya sa wani faifan yake isowa a tsage, galibi daga ramin tsakiya. Kafin ka sa a na'ura ka ɗaga shi ga haske ka duba zoben tsakiyar. In akwai tsaga ko ƙarama ce, kada ka kunna, domin yana juyawa da gudu kuma tsagar na iya ƙaruwa a cikin na'urarka. In fim yana tsayawa ko yana tsalle, yawanci shatin yatsu ne da maiƙo daga hannun waɗanda suka riga ka. Ka samu ƙyalle mai laushi, ka ɗan jiƙa, ka goge daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka goge a zagaye, saboda bayanan suna kwance ne a zagaye, kuma karcen da ya bi layinsu yana lalata dogon yanki a jere wanda na'ura ba za ta iya cikewa ba, alhali karcen da ya ratsa layin ɗan kaɗan yake taɓawa. In ya ƙi, sai a kai rahoto a shafin, a zaɓi ko ya karce, ko ya fashe, ko ba shi ne aka nema ba. Suna aiko da madadin ba tare da sun jira na farkon ya koma ba, kuma a wannan fannin mutane sun yaba musu ƙwarai. Haka in faifai ya ɓace a hanya, sau ɗaya ko biyu ba sa caji. In abin ya yawaita a adireshi ɗaya, sai su dakatar da asusun su bincika, shi ya sa mazauna benaye masu akwatin wasiƙa a buɗe suka koma jefawa a babban akwatin gidan waya na bakin titi. Jar ambulan kowa ya san abin da ke cikinta.

Gasa ta yi wa kwastoma rana. Blockbuster, sarkin shagunan haya, ya buɗe nasa tsarin na gidan waya a 2004, farashi ya sauka. A ƙarshen 2006 ya ƙara da cewa kana iya kai ambulan ɗinka shagonsu ka musanya da wani fim nan take, abin da ya yanke jiran gidan waya gaba ɗaya. Mutane sun so shi, amma kamfanin yana asara a kai, ga bashi ya yi masa katutu, a 2010 ya shelanta karyewa. A Ingila Lovefilm ne ya yi irin wannan sana'a, Amazon ya saye shi a 2011, ya rufe sashen aika faifai a 2017.

Shekarar 2011 ce ta ɓata tsakanin Netflix da mutanensa. Tun 2007 ya fara nuna fim kai tsaye ta intanet, kuma dala 9.99 tana ba ka kallon intanet da faifai ɗaya a lokaci guda. A watan Yuli ya raba su, kowanne dala 7.99, mai son duka biyun ya koma biyan 15.98, ƙarin kusan kashi 60 cikin 100 a tashi ɗaya. A Satumba kuma ya ce sashen faifai zai koma wani kamfani mai suna Qwikster, da shafinsa daban da lissafinsa daban. Kafin wata ya cika ya fasa, amma a wannan zangon ya rasa kwastomomi kusan 800,000 a Amurka.

To me ya riƙe waɗanda suka zauna har 2023? Yawan finafinan ne. Dokar Amurka ta ba wanda ya sayi faifai damar ba da shi haya ba tare da neman izinin mai fim ba, shi ya sa rumbun faifan ya haura finafinai da shirye-shirye 100,000, har da tsofaffi da na ƙasashen waje da ba su da kasuwa. Kallon intanet kuwa sai da lasisi, lasisin kuma yana ƙarewa, fim ya ɓace daga shafi dare ɗaya. Ga kuma mutanen karkara da intanet ɗinsu ba ya ɗaukar bidiyo. Sai dai shekarun ƙarshe ba su yi daɗi ba. An yi ta rufe cibiyoyi, hukumar gidan wayar Amurka ta daina kai yawancin wasiƙu washegari a 2015, ta sake tsawaita wa'adin a 2021, zagayen kwana uku ya koma mako guda ga mutane da yawa. Faifan da ya fashe ba a cika sayen madadinsa ba, sai fim ɗin ya zame daga jerin gwano ya koma sashen ajiya, inda ba ranar fitowa. A watan Afrilun 2023 kamfanin ya sanar da rufewa, daga baya kuma ya ce duk faifan da ya rage a hannun kwastoma bayan aikawar ƙarshe ba sai ya mayar ba, ba za a caje shi ba.