Ranar da na mayar da amarya fatalwa a Aboabo

Akwai wani lungu a unguwar Aboabo ta Kumasi da har yau in zan wuce sai na ja mayafi na rufe rabin fuska. A gidan nan na yi wa amaryata ta farko kwalliyar kuɗi, a 2015, lokacin da dumsor ya sa mu a gaba, a kawo wuta awa 12 a ɗauke awa 24. Na isa bayan sallar asuba babu wuta, ɗaki duhu, ƙawayen amarya biyu ne suka riƙe min fitilar waya. Yarinyar baƙa ce kyakkyawa, irin baƙin nan mai sheƙi da ko man kaɗe kawai ta shafa ya isa, amma tun kafin in buɗe akwati mamanta ta ja ni bayan ƙofa ta ce, "Ɗiyata, don Allah ki ɗan haska min ita, dangin ango daga Nima za su zo." Ni kuma lokacin suna nake nema ido rufe, sai na ɗauko faundeshan da ya fi fatarta haske sosai na lafta, na bi da farar hodar nan mai laushi na danna ƙarƙashin ido da goshi da haɓa. A cikin ɗaki kowa sai masha Allah, har da masu guɗa.

Da yamma aka fito fili, mai hoto ya fara harba filasha. Wallahi da ya juyo min da kamarar sai da cikina ya ƙulle. Fuska fari fat kamar ta faɗa buhun fulawa, wuya da kunne da hannu suna nan da baƙinsu, ƙarƙashin ido kuma wasu fararen faci guda biyu. Kakar amarya ta karɓi kamarar ta kai kusa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ina jikar tawa?" Ba wanda ya zage ni, an ma ba ni kuɗina cif da shinkafa a leda, amma da zagin aka yi da ya fi min sauƙi.

Ni asalina mai lalle ce. Gwaggona aluwanka ce, ita ke wankan amare a unguwarmu, tun ina ƙarama nake riƙe mata kwarya ina bin ta gida gida, a nan na koyi zanen lalle da sa kwalli da jan jagira. Daga baya na yi shekara biyu a wani shago a Adum ƙarƙashin wata madam, wadda gaskiya wankin tawul da aike zuwa Kejetia ta fi koya min a kan kwalliya. Don haka na iya shafa, hannuna ba ya rawa, amma dalilin da ya sa hoda ta yi min wannan cin amanar ban san shi ba sai da na shiga harkar fim.

Wata ƙawata mai kula da kayan sawa ce ta ja ni lokeshan, fim ɗin Kumawood ne, wato finafinan Kumasi, da yaren Tuwi, a wani ƙauye ta hanyar tafkin Bosomtwe, mai kwalliyarsu ta haihu suna neman hannu. Ranar farko aka ba ni wata 'yar wasa da za ta fito a matsayin matar manomi da talauci ya ci ƙarfinta. Na zauna na zana mata gira tsaf, na sa mata gashin ido, na ɗan haska kumatu. Darakta ya kalle ta ya kalle ni ya ce wannan daga gonar koko take ko daga wajen biki? Aka wanke tas. Ashe a fim yawanci aikinka shi ne kada a gane ka taɓa fuskar, wani lokaci ma ka ɓata ta da gangan, ka busar da leɓe, ka sa duhu a ƙasan ido, ka shafa ƙasa a wuya da farce.

Mai kamararsu, wani dattijo da ya yi karatu a NAFTI, makarantar fim ɗin nan ta Accra da aka kafa tun 1978, shi ya zame min malami ba tare da ya sani ba. Kullum sai ya kira ni gaban ɗan talabijin ɗin da suke duba hoto ya ce kalli nan, daina kallon fuskar. Na nuna masa hoton amaryata ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya bayyana min cewa farar hodar nan silika ce, tana mayar da hasken filasha cikin kamara kamar madubi, haka ma wasu mayukan kare rana masu sinadarin zinki. Ido ba ya gani a ɗaki, kamara ce ke tona asiri. Shi ne kuma ya fahimtar da ni cewa baƙar fata tana son a bar mata ɗan sheƙinta, in ka kashe shi gaba ɗaya da hoda sai mutum ya fito toka toka kamar wanda hunturu ya buga. Goshi da hanci kawai ake dannawa, sauran a bar su su sha haske.

Sai kwantiniti, wato kamannin ɗan wasa ya tsaya iri ɗaya daga wannan ɗauka zuwa waccan, wanda shi ma sai da na sha kunya. Na yi wa wani ɗan wasa ciwon sara a kumatun hagu, bayan kwana uku aka dawo ci gaban sin ɗin, na yi masa a dama. Sai da aka ɗauka sau biyu kafin wani yaro mai riƙe fitila ya ce ai ciwon ya yi ƙaura. Tun ranar ba fuskar da ke barin kujerata sai na ɗauke ta hoto gaba da gefe da gefe, na rubuta lambar sin. Ciwon kansa ba wuya, ruwan leteks ne da tishu, a yi hawa hawa a bari ya bushe, a tsaga tsakiya da ɗan almakashi, a sa duhu a ciki ja a baki. Jini kuma sirof ɗin sukari ne da jar kalar abinci, a ɗiga garin koko kaɗan don ya yi duhu, don jinin gaske ba ja wur ba ne kamar jan baki. Abin da ba a gaya min ba shi ne tururuwa. Mutum yana kwance a ƙasa wai ya mutu, rana ta take, ga jini mai zaƙi a wuyansa, kafin a ce akshan gawa ta miƙe tana sose sose tana zagin kowa. Hawaye da gumi giliserin ne, sai dai ba a sa shi cikin ido, a gefen ido ake ɗigawa.

Kuɗin fim kam kada mu yi dogon zance. Akwai furodusan da har yau nake bin sa, kullum "in fim ya fita", fim ya fita har an manta da shi. Na yafe rabi, rabin kuma muna nan.

Amare su ne abincina, kuma da idon fim na dawo musu. Yanzu ba na gwada faundeshan a bayan hannu, a muƙamuƙi nake gwadawa in kwatanta da ƙirji, kusa da taga in da hali, kuma kafin amarya ta tashi sai na kashe fitila na ɗauke ta da filashar waya. Fatarmu ba kala ɗaya ba ce, wata a ƙarƙashin baƙinta akwai ja, wata ruwan ɗorawa, wata kamar shuɗi shuɗi, kuma fuska ɗaya ma goshi ya fi kumatu duhu. Da can sai in haɗa kwalba uku kafin in samu kalar mutum ɗaya, Black Opal ne mai ceton mu. Da Fenty Beauty ta fito a 2017 da kala 40 sai sauran kamfanoni suka farka, duk da mu nan a lokacin sai dai saƙo ta hannun mai zuwa daga Amurka ko Ingila. Tabon ƙuraje da duhun gefen baki kuma ba a binne su da faundeshan mai haske, konsila ruwan lemu ake fara ɗigawa kaɗan, shi ke kashe duhun.

Fatar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda aka yi wa bilicin. Hukumar FDA ta Gana mai kula da abinci da magunguna ta hana mayukan da ke da haidirokwinon tun 2016, amma mu da muke taɓa fuskoki mun san man bai bar gari ba, suna kawai ya canza, yanzu haɗi ake cewa, a roba marar rubutu. Da an sa ranar aure sai a fara shafawa ba ji ba gani, ranar biki a kawo min fuska mai kala uku, kumatu ja kamar an mare ta, gefen ido baƙi, jijiyoyi kore a fili, fatar ta yi siriri ko soso ba ta so. Kwalliya ba ta zama a kanta, awa biyu ta fara zamewa, ga zafin Kumasi da gumi. Kuma in hoto bai yi ba ni za a ce ban iya ba. Haka masu yin halawa da dilka ana gobe biki, fuska duk ta kumbura. A yi da saura kwana huɗu ko biyar mana! Baƙin lalle da ake haɗawa da dayin gashi shi ma na ga ya tashi hannun amarya ruwa ruwa, shi ya sa nake ɗiga shi a bayan kunne kwana biyu kafin ranar lalle.

Tsafta kuma ba na wasa da ita, ko a ce ina da iyayi. Mu a ƙasar nan ai ba sai an ba mu labarin Apolo ba, ciwon idon da ya fara ɓarkewa a Gana a 1969, shekarar da Amurka ta sauka a wata har ya ci sunan kumbon. Tsinken maskara ɗaya ya zagaya ƙawaye goma, shi ke nan an raba wa biki. Nawa na yarwa ne, jan baki in kankaro a faranti, burushi in fesa sifirit tsakanin mutum da mutum. Gam ɗin gashin kai da wasu ke liƙa gashin ido da shi don ya fi araha, Allah Ya kiyaye, ba a akwatina ba.

Wani abu da bidiyon YouTube ba zai koya wa mai kwalliyar Zango ba shi ne alwala da kuka. Kafin in taɓa amarya sai na ce je ki yi alwala, kuma ina lissafin lokacin azahar da la'asar a cikin aikina, in ta kama a wanke a sake to a sake, ba zan zama sanadin barin sallar wata ba. Kukan kuma dole ne, in an zaunar da ita iyaye suna nasiha, aluwanka ta ɗauko waƙar rabuwa da gida, ko dutse ce sai ta zubar. Nakan naɗe tishu in sa mata a tafin hannu in ce ƙanwata ki yi kukanki son ranki, amma ki sunkuyar da kai hawayen su ɗiga ƙasa, ki danna kada ki goge. Sannan in tsaya a bayan ƙofa da hoda kamar mai gadi.

Maganar kuɗi na koye ta da tsada. "Ke fa 'yar gida ce" ya cinye min jari sau biyu. An yi ciniki amarya kaɗai, in na je sai ga ƙawaye takwas sanye da yayi, wato anko, kowace "Anti ɗan shafa min kaɗan", kaɗan ɗin nan kuwa cikakkiyar fuska ce. Yanzu rabin kuɗi ta MoMo, wato a turo ta waya, kafin in rubuta rana, kowace ƙarin fuska da kuɗinta, kuɗin pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku, daban. A 2020 da korona ta sa aka rufe Kumasi da Accra sati uku aka hana taro, zama na yi ina kallon kaya suna lalacewa, a 2022 kuma kuɗinmu sidi ya faɗi, kayan da duk daga waje suke zuwa suka yi tashin gwauron zabi, amma in ka ƙara kuɗi a ce ka yi girman kai. Ga ciwon baya, tsayuwa a sunkuye daga asuba har azahar.

Har yanzu ana ja na bayan ƙofa. Kafin azumin da ya wuce wata Hajiya a Sawaba ta ce min kalma a kan kalma abin da aka ce min a Aboabo, in ɗan haska mata 'yarta. Ban yi musu ba, na ce Hajiya zauna nan kusa da ni. Na yi kumatun dama da kalar da take so, na hagu da kalar yarinyar, na sa aka saki labule, na ɗauka da filasha na miƙa mata wayar. Ta kalla, ta kalli 'yarta, ta sake kallon wayar, ta kira ƙanwarta ita ma ta gani. Can ta ajiye wayar a cinyata ta ce, "To bar min ita yadda Allah Ya yi ta. Amma jan bakin nan ki ƙara, bai fito ba."

Na ƙara mata.