Inda aka kwana a aikin rijiyar Kusugu

Yan uwa masu koyon zanen manne-manne, ga inda na tsaya a hoton rijiyar Kusugu da nake haɗawa. Rijiyar kam ta fito, fenti baƙi da shuɗi na zuba a kan kwali mai kauri, amma macijin nan Sarki wanda labari ya ce ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ne ya tsaya min a wuya. Duk sanda na zana shi da burushi sai ya fito kamar na littafin firamare, ba kwarjini ko kaɗan.

Sai na koma kallon aikin Wangechi Mutu, 'yar Kenya da aka haifa a Nairobi a 1972. Ita fa yanko hotuna take daga mujallun kwalliya da littattafan likitanci, ido daga nan, ƙafa daga can, ta haɗa mace wadda ba mutum ba ba dabba ba, har da nguva, matar ruwa ta tatsuniyar gaɓar tekunsu. Abin da na lura shi ne ba ta ɓoye wajen yankan, kana ganin inda almakashi ya bi, kuma shi ne ma yake sa abin ya yi kama da mafarki, don a mafarki ai fuskar wani ce take zuwa da muryar wani. Romare Bearden ma a Amurka haka ya yi a 1964 da hotunan matan nan masu magani da asiri.

To yanzu macijina ƙyallayen atamfa ne da na roƙo wajen tela, guntu-guntu, ko wanne da kalarsa, na bar tsakaninsu a buɗe. Kan ma ban saka ba, tunda dai Bayajidda ya sare shi. Wallahi ya fi ban tsoro a haka.

Gam kuma ku tsinka shi da ruwa kaɗan, ku shafa sama da ƙasa, sannan a danne da littattafai ya kwana, in ba haka ba takardar jarida yamutsewa take.

Saura Daurama. Ina so na gwada salon Njideka Akunyili Crosby, mai zane 'yar asalin Najeriya, a kifa fotokwafi a goga asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, hoton ya hau takarda, amma fa sai a tsakar gida don warin ba dama. Wanda ya taɓa gwadawa a kan kwali ya faɗa min ko yana kamawa.