Kaza Ɗaya a Kicin ɗin Kaka

Ranar da na fara aiki a gidan, ko gaisuwa ba mu gama ba tsohuwar ta nuna jakata da bakin sandarta ta ce, me ke ciki? Na ce abincin ranata ne, shinkafa da miya a kula. Ta ce in ajiye a kujerar bakin ƙofa, kada ya shiga kicin, kada ya shiga firij, in zan ci kuma ga ƙaramin tebur can gefen taga. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ni da nake alwala sau biyar a rana, yau abincina ne ya zama ƙazanta? Ba don kuɗin haya ba, da ranar na juya ban dawo ba.

A Oktoban 2021 na iso Niyok daga Zariya. Maigida ya riga ni da shekara shida, yana tuƙin tasi, muna ciki da falo a Buronks kusa da titin Grand Concourse. Matan zango ’yan Gana, na Kumasi da na Nima, su suka riƙe ni, su suka nuna mini hanyar aikin kula da tsofaffi: horo na awa 75, a ba ki takarda, kamfani ya tura ki gidan da ya ga dama, dala 15 a awa a lokacin. Ni aka tura ni Boro Fak a Buruklin, unguwar Yahudawa masu riƙo da addini. Jirgin ƙasa mai lamba D nake shiga da asuba, dala 2.75 a lokacin, ya ɗauke ni daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, awa ɗaya da wani abu. Kafin nan ni Bayahude a labaran rediyo na san shi, sai kuma wajen tafsirin azumi.

Ta haura tamanin. A Hangari aka haife ta, ta shigo Amurka tana budurwa bayan tarzomar 1956, mijinta ya rasu da daɗewa. Jikokinta Bubi suke ce mata da yarensu na Yidish, da na ji ma’anarsa sai na ce to ni Kaka zan riƙa kiranki. Ta gwada faɗa sau biyu, ta ce ya yi.

Kicin ɗin bai kai ɗakin ajiyar gawayinmu na gida ba, amma komai a cikinsa biyu ne. Tukwanen nama daban, na madara daban. Cokula, wuƙaƙe, faranti, soson wanke-wanke, har tsumman goge hannu: mai ja na nama, mai shuɗi na madara. Nama da nono ba sa haɗuwa a tukunya ko a baki, in ta ci nama sai ta jira awa shida kafin ta sha shayi da madara. Ƙwai, kifi, hatsi da ganye su ne ’yan ba-ruwanmu, suna bin kowane ɓangare. Kowane ƙwai sai an fasa shi a kofin gilashi an duba, in da ɗigon jini a zubar. Kuma ba ni da ikon kunna wuta in ɗora girki; sai ta dogara sandarta ta zo ta murɗa makunnin gas ɗin da hannunta, sannan ta koma ta zauna in ci gaba, don a wurinsu girkin da ba hannun Bayahude a ciki bai halatta ba a abinci da yawa. Duk wannan shi ake kira kosha. Da na ba ta labarin farfesun tarwaɗa ta toshe baki, don kifin da ba shi da ɓawon nan da ake kankarewa ba ya ciyuwa. Raƙumi da zomo ma haka. Na ce to fara fa? Ta ce Attaura ta halatta wasu nau’i, Yahudawan Yaman suna ci, amma ita Allah Ya kiyashe ta.

A mako na uku na yi ta’asa. Ranar Alhamis ce, romon kaza na tafasa, hankalina na kan wayar da aka yi mini daga gida, na jawo cokali na juya. Sai na ji “Oy!” a bayana. Na duba hannuna, cokali mai shuɗin mariƙi. Jikina ya yi sanyi, don na san kazar nan ita kaɗai ce ta makon. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ce in kashe wuta, kada in taɓa komai, ta ɗauki waya ta kira malaminsu. Suka yi ta Yidish, can ta rufe bakin wayar ta ce, “Yarinya, yaushe rabon cokalin nan da shiga abu mai zafi na madara?” Na ce tun kunun safiyar Talata. “A wanke yake?” Na ce tas. Ta maimaita masa, ta saurara, ta ajiye waya ta ce in kawo mata ashana, romo ya tsira. Tunda cokalin ya wuce awa 24 bai taɓa madara mai zafi ba, bai ɓata tukunyar ba; shi dai za a ware shi, daga baya a tsoma shi a tafasasshen ruwa. Ta ce da jiya aka yi amfani da shi, sai an lissafa ko romon ya ninka abin da ya nutse na cokalin sau sittin. Ta ƙara da cewa malami na gari in ya san tukunyar talaka ce, yakan nemo sauƙi in akwai shi a littafi. Na tsaya ina kallonta, don sak irin tambayoyin da malaman zaure ke yi ne in an kawo musu matsalar ruwan da wani abu ya faɗa ciki. Daga ranar na daina jin haushin kujerar bakin ƙofa.

Ni ke yi mata cefane, saboda haka na san aljihunta kamar nawa. Ɗan fanshon gwamnati ne da haya ke cinye mafi yawansa, sai katin tallafin abinci na SNAP. Kazar da nake saya mata a Titi na 13 kusan ninki biyu ce ta wadda ke babban kanti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai yankan sai wanda ya yi karatu ya samu izini, wuƙarsa ba a yarda da ko ɗan giɓi a bakinta ba. A shanu ana duba huhu, da yawa a mayar da su. Naman baya ma galibi ba ya shiga kasuwar kosha a Amurka, saboda wahalar cire jijiyar cinya da kitsen da aka haramta musu. Sannan a jiƙa naman rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri awa guda ya tsotse jini, a ɗauraye sau uku, ga mai sa ido da shi ma albashi yake ci. Wata jikarta da ta ji ina mita ta ce ai tsohon kuka ne: a Mayun 1902 da laba ɗaya ta nama ta tashi daga santi 12 zuwa 18, matan Yahudawa na Manhatan suka ƙaurace wa mahauta, har suna ƙwace nama a hannun masu saye, sai da farashi ya sauko.

Yadda Kaka ke sarrafa kazar nan ɗaya kuwa, sai wanda ya gani. Fata da kitse a yanka ƙanana a soya da albasa a wuta kaɗan, man a tsiyaye a kwalba, shi ne man girkin ɓangaren nama na mako. Ƙanzon fatar kuma a ci da burodi. Wuya, fukafukai da ƙashin baya su ne romon daren Juma’a. Cinyoyi biyu a gasa. Ƙirjin a yanka falle-falle a sa a firiza. Abincin ranar Asabar, wanda suke kira colent, wake ne da sha’ir da dankalin turawa da albasa, a jefa ƙashin shanu mai ɓargo guda ɗaya, a ɗora tun la’asar ɗin Juma’a a kan wani faifan ƙarfe da aka rufe wuta da shi, ya kwana yana dahuwa, don ba sa kunna wuta ranar Asabar, ranar hutunsu ta ibada, wadda ke farawa tun faɗuwar ranar Juma’a. Daga Lahadi zuwa Alhamis kuwa ba nama. Taliya da soyayyen kabeji irin na Hangari, dafaffen ƙwai, faten dankali, kifin gwangwani.

Ita ta fara nuna mini cewa abincin talaka da kansa ba shi da tsada wajen addini. Shinkafa, wake, ƙwai, albasa, karas, ba sa bukatar hatimin kowa, sai dai a tsince a duba ƙwari. Kayan gwangwani da na leda kuma ta koya mini neman wani ɗan tambari, harafin U a cikin da’ira, na ƙungiyar Orthodox Union, wanda ke jikin dubban kayan da kowa ke saya a farashi ɗaya; in da D a gefe, akwai madara ciki. Waɗannan sai ta aike ni kanti mai araha can wajen unguwa. Abu huɗu ne ba ta sassautawa ko za a kwana da yunwa: nama, cuku, ruwan inabi, da madarar da Bayahude ya tsaya aka tatsa.

Farkon wata takan zauna da ambulan. Kafin wuta, kafin waya, sai ta ware na Asabar huɗu: kyandirori, kwalbar ruwan inabi, burodin kitso biyu-biyu, kaza, da ’yan sulallan da take jefawa a gwangwanin sadaka kafin ta kunna kyandir, minti 18 kafin faɗuwar rana. Abin da ya saura shi sauran kwanaki za su yi maleji da shi. Na ce, “Kaka, ba a baya kika fara lissafin nan ba?” Ta ce a Talmud, babban littafin malamansu, an ce abincin mutum na shekara an riga an yanke masa tun farkonta, ban da abin da ya kashe wa Asabar da ranakun idi da karatun yara, wannan in ka ƙara a ƙara maka. Sai ta yi murmushi ta ce amma a littafin nan dai wani babban malaminsu na da, Rabi Akiba, ya ce ka mayar da Asabar ɗinka kamar sauran ranaku da dai ka roƙi mutane. Ta ce ita tsakanin maganganun nan biyu take zaune shekara ashirin.

Ba ta roƙo, amma ana rufa mata asiri. Wasu safiyoyin Juma’a nakan tarar da kwali a bakin ƙofa, ba suna ba takarda, daga ’yan Tomchei Shabbos masu raba kayan Asabar da dare don kada maƙwabta su gani. Ta ce na farko da aka kawo sai da ya kwana biyu a waje kafin ta iya ɗagawa. Akwai kuma Masbia, gidan cin abinci kyauta na kosha da aka buɗe a unguwar a 2005, an tsara shi kamar gidan abinci na kuɗi. Can kam ta ce ba za ta je ba, wai za ta haɗu da wanda ya san mijinta.

Ba zan ce komai ya burge ni ba. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta sha yin ƙorafin abincin bai isa ba, kuma gaskiyarta. ’Yarta mai yara bakwai kuɗin makarantar addini ya sha kanta, ba ta da abin taimakon uwa sai ziyara. Kuma a ganina wani tsananin na idon maƙwabta ne, don Kaka da bakinta ta ce akwai tambarin da take ci a ɗakinta amma ba za ta ajiye wa baƙo ba. Mu ma muna da irin wannan, ba sai na faɗa ba.

A gidana dai abin ya bi ni. Da farko kullum sai nama, wai mun zo Amurka, ga kuɗin da ake jira a Zariya duk wata. Na koma sayen rabin cinyar rago a shagon halal sau ɗaya, in rarraba a leda, miyar kirki ranar Juma’a, sauran kwanaki wake da shinkafa da ɗanwake. Na tambayi limamin masallacinmu kan tambarin U, ya karanto mini aya ta 5 a Ma’ida kan abincin Ma’abota Littafi, ya ce amma in riƙa karanta jikin kaya, don su giyar inabi halal ce a wurinsu. Maigida ya ce saura ya dawo ya tarar da cokulansa da jan fenti.

A Afrilun 2022 idinsu na Fesak, na tunawa da fitar Bani Isra’ila daga Masar, ya faɗo tsakiyar azuminmu. Kwana takwas ba a barin ko ɓurɓushin abin da aka yi da alkama, sha’ir da danginsu ya kumbura. Mako biyu ina goge-goge da azumi a bakina: aljihun riguna, tsakanin kujeru, robar ƙofar firij da tsinken sakace. Muka lulluɓe kantar kicin da takardar alminiyam, na hau kujera na sauko da wasu tukwanen, su ma ja da shuɗi, da ba sa fitowa sai sau ɗaya a shekara. Abin da ya fi ba ni tausayi, Yahudawan da suka fito daga Turai ba sa cin shinkafa da wake a kwanakin, wato an janye wa talaka tsaninsa, sai dankali da ƙwai. Busasshiyar gurasar idin kuwa, irin ta hannu da take so don daren farko, tsadarta ta fi ta nama. Tun hunturu take tara kuɗinta a ambulan na daban, majami’arsu ta cika mata da abin da suke kira kuɗin alkama.

Ranar Alhamis 14 ga wata aiki ya kai ni yamma lis. Wajen bakwai da rabi ta dubi kalandar bangonta, wadda ke da lokacin faɗuwar rana na kowane mako, ta ce, “Yarinya, lokacinki ya yi.” Ta ciro ƙunshin dabino daga aljihun rigarta. Ni na sayo shi ranar Litinin a cikin cefane, ina mamakin me tsohuwa mai haƙoran roba za ta yi da shi. Na sha ruwa a kujerar bakin ƙofa, ta zauna tana kallona har na gama. Sannan ta nuna manyan ledoji biyu: ragowar taliya, fulawa, hatsin kunu, da sha’ir kusan laba uku. Ta ce in tafi da su, kyauta ce ba ajiya ba, kada in dawo mata da ko ƙwaya.

Sha’ir ɗin ya fi mako a kan firij ban san yadda zan yi da shi ba. Daren wata Juma’a na haɗa shi da wake da dankali da ƙashin rago, na jefa daddawa da tarugu, na bar shi a wuta kaɗan har sahur. Maigida ya yi ƙari. Da na koma aiki bayan idin na ba Kaka labari, ta sa na bayyana mata mece ce daddawa tun daga kalwa har shanya. Ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, “To wa ke sa mata tambari?”