Daga Jos zuwa Mambila da dish a bayan mota

Kawuna irin mutanen nan ne da in suka ga abu a waya ya burge su, to hankalinsu ba ya kwanciya sai sun mallake shi. Haka ya je ya sayo karaban, ɗakin nan mai taya da Turawa ke jonawa a bayan mota su tafi yawon hutu, kwatano ce, a ciki akwai gado da ɗan kicin da banɗakin da ba ya aiki. Ta daɗe a ajiye a gidansa nan Jos yara na wasan ɓuya a ciki, sai a Janairun 2024 ya ce zai je Mambila duba shanunsa da ke wajen Nguroje kuma da ita zai tafi, wai ya gaji da kwanan masauki. Ni kuma sana'ata haɗa dish, shi ya sa ya kira ni. "Kai ɗan nan, ana gasar kofin Afirka, ni ba zan shiga daji in rasa wasan Najeriya ba, ka ɗauko kayan aikinka." Na ce to Kawu, an gama.

A saman karaban ɗin akwai dish da ta zo da shi daga Turai, irin mai juya kansa, ka danna maɓalli ya miƙe ya nemo tauraron ɗan Adam da kansa. Kawu sai alfahari yake da shi. Na ce Kawu wannan fa a ƙasar nan ado ne kawai, taurarin da aka saita masa su ne Astra da ke digiri 19.2 gabas da Hotbird da ke 13, su kuma Turai aka karkata haskensu, bai sauka a kanmu. Bai yarda ba sai da muka kunna, abu ya miƙe ya yi ta kewaye yana gurnani, ya gaji ya koma ya kwanta. Sai na haɗa nawa kayan: faranti mai santimita 90, ƙafa uku ta ƙarfe da mai walda ya yi min, LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti yana karɓar sigina, da na ajiya ɗaya, doguwar waya, sifana, mitar neman sigina, dikodar DStv da wata risiba ta tashoshin kyauta, ga batir da inbata da sola guda.

Direban Kawu ya ce wai me ya sa ba za mu ɗauki GOtv ba mu huta da wannan lodi. Mutane da yawa haka suke ɗauka, cewa duk dikoda dikoda ce. GOtv da FreeTV daga turakun da aka kafa a gari suke ɗauka da eriya, in ka yi nisa da turken ko dutse ya shiga tsakaninku shi ke nan. Mu 'yan Jos ai mun fi kowa sanin FreeTV tunda a nan aka fara ƙaddamar da komawa talabijin na dijital ranar 30 ga Afrilu 2016, kafin ma Abuja da aka yi a Disambar shekarar. Amma a inda za mu babu turken da zai cece ka, sai abin da ya zo daga sama.

Mun fita ta hanyar Bauchi bayan asuba da Hilux tana jan ɗakin, muka wuce Toro, Bauchi, gadar Dindima inda ake karya kwana zuwa Yankari, Alkaleri, har Gombe. Tafiya ce ta hawainiya don in ka taka wuta ɗakin sai ya fara rawa a baya. Duk shingen da muka tsaya sai an leƙa ciki, wani ya tambaya ko asibitin tafi da gidanka ne, wani ya ce ko fim za mu ɗauka. Kwanan farko a wajen Kaltungo muka yi, ga dutsen nan mai tsini na ƙasar Tangale muna hange. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba a tsakiyar daji muke yada zango ba, zamani ya wuce haka, gidan mai muke nema ko ƙofar gidan mai gari a gaisa a nemi izini.

A nan na fara kafa dish, kuma aikin da na yi a wurin shi na yi ta maimaitawa duk inda muka tsaya. Taurarin talabijin suna can sama da kilomita 35,000 a saitin tsakiyar duniya, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa a wurinmu kamar a tsaye suke wuri guda. Na DStv da muke kamawa a Najeriya na Eutelsat ne a digiri 36 gabas. Ni ba na wahalar da kaina da kamfas, alƙibla nake tambaya, in aka nuna min sai in fuskance ta in karkata hannun dama kusan rabin kwana, wato gabas ta ɗan gangara kudu, a nan yake. Ta sama kuma daga Jos yana wajen digiri 56 ne, sama sosai ke nan, amma in ka kalli farantin sai ka ga kamar bango yake kallo, don irin wannan faranti an ƙera shi ne yana ɗauko abin da ke sama da inda fuskarsa ta nufa da fiye da digiri 20. Wannan ne ke ruɗa masu koyo su yi ta ɗaga shi har ya wuce.

Sauran aikin haƙuri ne. Ka sassauta noti, ka matsa kaɗan, kaɗan fa ba irin na direbanmu ba da ke juya shi kamar sitiyari, ka tsaya ka jira dikoda ta yi tunani, ka sake matsawa. A allo layi biyu ne, na ƙarfi da na inganci, na ƙarfi ko bango ka nuna wa dish zai iya cika muddin LNB na samun wuta, na ingancin shi ne magana. In ya fara motsi sai ka ɗan murza LNB ɗin a mazauninsa har ya ƙaru, sannan ka ɗaure notina a hankali bi da bi, don in ka ɗaure gefe ɗaya tamau farantin zai goce ka koma farko. Abin da ya fi cin lokaci ma ƙasa ce, in ƙafar ba ta zauna daidai ba to kana juyawa gefe tsayin na canjawa, sai na riƙa ɗora kofin ruwa a kan ƙarfen ina duba ko ya karkata, in cusa fallen dutse a ƙarƙashi.

Daga nan Numan, muka haye gadar Binuwai, sai Jalingo inda muka cika tanki da jarkoki. Bali, sannan Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. A Serti muka yi 'yar jayayya da Kawu, shi inuwar mangwaro yake so a faka ɗakin saboda zafi, dish kuma sarari yake so, ganye kaɗai ya isa ya tare sigina. Abin da ya raba gardamar doguwar waya ce, ɗaki a inuwa, faranti can a fili awaki na shinshina shi. Duk mai niyyar irin wannan tafiya kar ya kuskura ya kafe dish a jikin motar, ya bar shi a kan ƙafarsa daban, in ba haka ba duk wanda ya shiga ɗakin ko ya fita hoto zai daskare saboda motsin taya.

Hawan dutsen daga Mayo Selbe kuwa sai wanda ya gani. Kwana kan kwana, rami a gefe, ga ɗaki a bayanmu, Kawu da ke ta hira tun Jos sai ya koma jan carbi, direba kuma giya ɗaya da biyu kawai yake yi. Muna isa sama iska ta canja, tuddai masu ciyawa iya ganinka, itatuwan turare a jere, shanu jajaye masu manyan ƙaho. Muka wuce Maisamari muka shiga Nguroje, kusa da Kakara inda gonar shayin nan take. Ni ɗan Jos ne ina taƙama da sanyi, amma na Mambila da tsayinta ya kai wajen mita 1,600 ya sa na ciro rigar sanyi ta biyu.

Inda garken yake sai an bar kwalta an bi hanyar shanu, netwok ya ɗauke ɗif, direba sai ya hau wani tudu yana ɗaga waya kafin ya samu sanda ɗaya. Amma dish? Ban taɓa kama sigina cikin sauƙi irin na wurin ba. Babu bene, babu tankin maƙwabci, babu wayoyin lantarki, sama ce buɗe ko'ina. Na ɗan ƙara ɗaga farantin da digiri uku zuwa huɗu tunda mun yi kudu mun kuma matsa gabas, layin inganci ya cika fiye da yadda nake samu a wasu gidajen cikin Jos. Shi tauraro babu ruwansa da ko kana Rayfield a Jos ko kana ruga, abin da ke raba mai gari da mai daji wuta ce kawai.

Wutar kuwa ita ce lissafin kullum. Dikoda da talabijin ɗinmu mai inci 32 gaba ɗaya ba su kai wat 100 ba, batir zai riƙe su wasa guda har da ragi, matsalar jama'a ce, kowa ya ga soket sai ya miƙo waya da tocila a sa masa caji, Kawu kuma ba ya iya cewa a'a. Ranar wasa dai na ɓoye abin cajin tun azahar na ce ya lalace, Allah Ya yafe min.

Ranar Asabar 27 ga Janairu ne, Najeriya da Kamaru a Abidjan, ƙarfe tara na dare agogonmu. To ku tuna Mambila a bakin iyakar Kamaru take, mutane na da dangi a can da nan, Fulatanci ma ya fi Hausa yawa a bakin jama'a. Tun magariba ake zuwa a kan babura da ƙafa, kowa naɗe da bargo, muka fito da talabijin ƙofar ɗakin muka ɗora a kan jarka, aka hura wuta a gefe. Sai ga shi wajen kashi ɗaya cikin uku na 'yan kallo Kamaru suke yi, ba ɓoye-ɓoye. Da aka soke ƙwallon da Ajayi ya ci a farko wani dattijo ya miƙe yana tafi, Kawu ya ce "Baba, a kan batir ɗina kake min wannan?" Aka kwashe da dariya.

Ana cikin haka iska ta taso, irin ta saman dutse da ba abin da ke tare ta, hoto ya fara yayyagewa gida-gida sannan ya tsaya cak. Na ruga da tocila, farantin ya goce da abin da bai kai faɗin yatsa ba, amma a wannan nisa ya isa. Na mayar da shi, samari suka kwaso duwatsu muka danne ƙafafun, muka cika jarka da ruwa muka rataye a tsakiya, duk da haka yana rawa, sai wani matashi makiyayi ya ce a bar masa, ya zauna a bayan farantin ya rungume ƙarfen. Yana nan zaune ba ya ganin allo Osimhen ya ƙwace ƙwallo ya ba Lookman ya ci a minti na 36, ihu kawai ya ji ya yi ta tambaya waye ya ci. Bayan hutun rabin lokaci aka riƙa karɓarsa, kuma na lura 'yan Kamaru ba wanda ya yarda a ba su riƙon, wai kar su juya shi da gangan. Lookman ya ƙara ta biyu a minti na 90, dattijon nan ya naɗe bargonsa ya ce sai da safe.

Washegari mata suka aiko a sa musu Arewa24, wannan mai sauƙi ne tana cikin dikodar. Dattawa kuma tashar Makka suke so, na juya farantin yamma wajen Nilesat da ke digiri 7 yamma na jona risibar kyauta, na yi iya yina bai zauna ba, hasken wannan tauraro ƙasashen Larabawa ya nufa, kana yin kudu yana raguwa, sai da babban faranti. Wani malamin makaranta ya tambaye ni ina namu na Najeriya, na ce yana nan, NigComSat-1R a digiri 42.5 gabas, tun Disambar 2011 aka harba shi daga China bayan na farkon ya lalace a 2008, sai dai ni a sana'ata ba kasafai ake kirana a ce a saita shi ba.

Da labari ya bazu cewa mai dish ya zo, sai aiki ya same ni a cikin Nguroje. Yawanci ba wani abu ne ya lalace ba, ruwa ne ya shiga kan wayar ya yi tsatsa, ko iska ta karkatar da faranti aka haƙura da shi shekara guda. In yanke kan waya in sake ɗaurawa in naɗe da salatif, hoto ya dawo, a biya ni da man shanu ko ganyen shayi.

A hanyar saukowa Kawu ya ce shi da damina zai dawo lokacin da ciyawa ta yi kore, kuma ɗansa ya ce masa ya sayi Starlink da ta shigo Najeriya a Janairun 2023 ya huta da ni. Na ce ya saya mana, amma ita ma sarari take so da wuta, ga kuɗin wata. In kuma dish ne to ruwan Mambila ba irin na Jos ba ne, hadari mai nauyi na haɗuwa sigina zai ɗauke, sai mun nemi faranti mai mita 1.2 ko ya rage. Direba ya ce wannan kuma sai dai a fitar da gadon Kawu a sa shi a ciki.