Ranar da Alhaji ya ce in kulle ɓarawo a magaza

Gadi nake yi a wani kantin kayan masarufi kusa da kasuwar Katako a Yamai, wani kamfanin tsaro mai zaman kansa ne ya turo ni. Kaki da kulki suna sa wasu su ɗauke mu kamar 'yan sanda, alhali ikon da doka ta ba ni bai wuce na mai sayar da goro a bakin ƙofa ba. Duk wanda ya ga mutum yana cikin aikata laifin da hukuncinsa ɗauri ne, kamar sata, yana iya riƙe shi ya miƙa shi ga jami'in 'yan sanda ko jandarma mafi kusa.

Wata rana bayan la'asar na ga wani saurayi ya cusa gwangwanin madara biyu cikin riga. Da idona na gani, shi ya sa na tare shi a ƙofa na riƙe hannunsa. Kan ka ce kwabo wani ya yi ihun "ɓarawo!", 'yan tura kura da masu babur suka taru, wani har ya ɗauki dutse. Na zaunar da yaron a kan bencina, a fili inda kowa ke gani, na tsaya tsakaninsa da su, na kira 'yan sanda a lamba 17. Jikinsa sai rawa yake, takalminsa ɗaya ya tsinke.

Maigidan kantin ya fito ransa a ɓace. "Malam, sa shi a magaza ka kulle, sai iyayensa sun kawo jika hamsin."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In muka kulle shi, ni da kai za a nema gobe."

Kulle mutum ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, ko da wanda aka kulle ya yi satar. Tsarewa aikin komisariya ne da jandarmomi, su ma da iyaka: awa 48, ƙari sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, kuma wanda aka kama yana da damar neman lauya. To ina ga ni da kulkina?

Ban laluba aljihunsa ba, ban buɗe wayarsa ba, ban tilasta masa amsa laifi ba. Madarar ma shi ya fiddo da kansa. Da 'yan sanda suka iso na faɗi abin da na gani, na rubuta lokacin a littafin gadi, Alhaji ya bi su ya shigar da ƙara.

Abin da ke damuna shi ne sabbin yaranmu da ake ba kaki ba tare da an zaunar da su an yi musu wannan bayani ba. Nakan gaya musu zato ba gani ba ne. In ba ka ga satar ba, kada ka taɓa mutum, ka sa ido ka kira hukuma. In ya kai maka hannu ka kare kanka daidai gwargwado, amma da zarar ya zauna, duka ya zama laifinka, kuma sunanka za a rubuta a komisariya, ba na maigida ba.