Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin mata aka mayar da ni ɓangaren masu shaye-shaye na asibitin da nake aikin jinya. Shekarun da suka biyo baya sun cakuɗe mini, haihuwar Auta da rasuwar Inna duk a ciki suke, kuma ba su ne ke cina yau ba. Abin da ke cina shi ne maganar da kusan kowane uba ke yi ranar da ya kawo ɗansa: "Sista, a wanke masa jini, mako biyu mu zo mu ɗauke shi." Babu injin da ke wanke jinin ɗan ƙwaya. Hanta da ƙoda ne ke fitar da abin da ya sha cikin 'yan kwanaki. Namu shi ne mu tsare shi kada ya mutu ko ya gudu a kwanakin nan, kuma duk cikin aikin wannan ne ƙarami.

Baba, Allah Ya jiƙansa, in mutum ya kawo masa shadda ana jibi Sallah yana son aska takwas, ko kai ba ya ɗagawa daga allura, sai ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Duk wanda ya tashi a gidanmu na cikin birni ya ji ta har ta gundure shi. Ita nake maimaita wa iyaye, domin ranar da aka ba yaro gado ake fara shirin sallamarsa.

Ranar farko ta tambaya ce. Ana ganin iyaye daban, mara lafiya daban, don a gaban mahaifinsa ba zai wuce "sau ɗaya abokai suka ba ni" ba. Me yake sha, guda nawa a yini, tun yaushe, yaushe ne shan ƙarshe, ta baki ko da allura, ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, ya taɓa tunanin kashe kansa. Ta ƙarshen nan a yi ta kai-tsaye, tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Sai bincike: aljihu, ƙugun wando, cikin hula, ƙasan takalmi, har gwangwanin madarar da 'yan dubiya ke kawowa. Sai gwajin fitsari. Wiwi na iya kai wata guda tana nunawa ga wanda ya daɗe yana busawa, kodin kwana 2 zuwa 3 ne, tiramol kuwa tsinken gwajin da aka saba ba ya kama shi sai an nemi nasa na musamman. Uba kan zo da takarda yana murna wai ɗansa ba komai, alhali abin da yaron ke sha ba a ma neme shi ba. A jini ana duba lafiyar hanta, da ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau, musamman ga masu allurar fenta, wato fentazosin, allurar kashe ciwo. Mace kuma gwajin ciki tukuna kafin a ba ta ko ƙwaya ɗaya.

Mai tiramol ko kodin, cikin yini guda da yankewa zai fara hamma, hawaye, majina, tsikar jiki na tashi. Kwana na 2 da na 3 ne tsananin: zawo, amai, murɗar ciki, ciwon ƙashi, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaura. Daga mako guda zuwa kwana 10 ya lafa. Akwai azaba, amma da wuya ya yi kisa muddin ana mayar da ruwan da jiki ke zubarwa, da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, ana kuma ba da maganin zawo da na ciwo. Tiramol na da nasa ƙari, firgici da ruɗewa da jin kamar lantarki na ja a kai, shi ya sa likita kan gwammace rage shi sannu-sannu. A asibiti ƙwayarsa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Na tasha 200 ne ko 225, yaro ya haɗiye huɗu ko biyar a tashi ɗaya. Daga nan farfaɗiyar da ake cewa iska ce ke fitowa.

Waɗanda ke hana ma'aikacin dare zama su ne masu diyazifam da roci, ƙwayoyin sa barci, da masu giya, domin su ne yankewa farat ɗaya ke iya kashewa. Mai giya, kwana 2 zuwa 3 bayan kofin ƙarshe sai rawar jiki da zufa, ya riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, jijjiga ta biyo. Ana ba shi diyazifam bisa awo ana ragewa, da allurar bitamin B1 kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari, don kare ƙwaƙwalwa. Mai roci kuwa ana mayar da shi kan diyazifam a riƙa zaftarewa kaɗan-kaɗan, makonni, wani lokaci watanni. Don haka, Hajiya, duk wanda ya ce ki kulle shi a ɗaki da tuwo da ruwa kwana bakwai zai warware, ki tambaye shi ko ya san me yaron ke sha. Yawancinsu ma ba abu ɗaya suke sha ba.

Wannan ya jawo ni kan gidajen mari, inda ake ɗaure masu shaye-shaye da sarƙa, ko da yake ba nan na nufa ba tukuna. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma makonnin da suka biyo baya aka yi ta bankaɗo irinsa a wasu garuruwa. Kowa ya riƙa salati kamar bai sani ba. Mu da ke wanke gyambon da mari ke bari a idon sawu mun sani tun tuni. Kawu na Tudun Wada, wanda ya ce 'yar gidan mutunci ba ta aikin mahaukata, ya kuma ƙi zuwa walimar gama makarantata, shi ya fi kowa yabon irin gidajen nan. Da abin ya zo kan jikansa, bayan isha'i ya aiko a kira ni, kada maƙwabta su gani. Na je. Ba na jayayya da addu'a, kuma malamin da ya san abin da yake yi shi da bakinsa ke cewa a kai asibiti. Sarƙa da bulala da horon yunwa ne na ƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci, sai dai har yau akwai iyayen da ke biyan kuɗi a ɗaure musu 'ya'ya.

Sai jiki ya lafa ake ganin ainihin mutumin. Wani wiwi ce ta birkita shi, yana jin muryoyi, yana zargin an sa masa guba a abinci. In ya daina, da ɗan magani, cikin makonni ya dawo daidai. Wani kuwa wata guda ya wuce babu komai a jikinsa muryoyin na nan, to ciwon ƙwaƙwalwa ne zaunanne, shan ya tarar da shi ko ya tono shi. Shi ya sa ba a yanke hukunci a makon farko. Matan aure masu kodin, in an zauna da su, sau da yawa ciwon damuwa ne a ƙarƙashi: rashin barci, kuka ba dalili, zaman kishi, haihuwa a kai a kai. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Kwalba ta yi tsada, namu da na sani suka koma ƙwaya, don ba a taɓa damuwar ba. Binciken ƙasa na shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A ɗakin jinya ba za ka ga haka ba, ana ɓoye su saboda aure.

Maganin damuwa ba ya nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Irin su amitiriftilin ba a bar wa mai tunanin kashe kansa kwali guda a hannu. Halofaridol, na masu jin muryoyi, a kwanakin farko yakan karkatar da wuya, harshe ya fito, ido ya kafe sama. Dangi su ce aljanu sun tashi, su kwashe shi zuwa ruƙiyya, alhali illar magani ce da allura ɗaya ke kwancewa. Ƙwayar da ake haɗa musu don hana wannan ita ce Exol ɗin da yara ke saya a kemis don maye, saboda haka ƙirga ta ake yi. Olanzafin, shi ma na masu jin muryoyi, yana sa ci da ƙiba, a riƙa duba sukari. Wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum akwai allura duk mako 2 zuwa 4.

Sauran zaman tashi ne a kan lokaci, salla, shara, motsa jiki, zaman rukuni, da koyon gane abin da ke tayar da sha'awar sha. Ƙasa da wata 3 da wuya ya kama. A nan ake samun saɓani da iyaye, don da yaro ya yi ƙiba ya fara gaisuwa da ladabi sai a ce ya warke, ga kuɗin gado, ga Sallah ta matso.

To, ga gorar da ba a fafe ba. Wa zai riƙe maganin a gida, mutum ɗaya tak, wanda zai ga an haɗiye? Wane ɗaki zai kwana? In shagon ƙofar gida ne inda ya saba, an gama. An share ɗakin, an duba silin da cikin katifa? Layin wayarsa fa, mai lambar dila a ciki? Bashin da dilan ke bin sa an biya, ko zai tare shi a Kwangila ko tashar Sabon Gari? Daga la'asar zuwa isha'i, lokacin majalisa, me zai riƙa yi? Ba na son a sakar masa jari a hannu a watan farko, a kai shi wurin mai gida, ɗinki ko gini ko gona, kuɗin ya bi ta hannun wani. In ɗan acaɓa ne ko lebura da ke shan tiramol don ya jure aiki, sai an rage masa awannin aikin, in ba haka ba ciwon baya zai mayar da shi. Aure kuma ba magani ba ne, 'yar mutane kawai ake jefawa ciki. Kawu ma shawarar da ya fara kawowa ke nan a kan jikan nasa. Duk wannan a makon farko ake fara tattauna shi, amma sai ka nemi uba ka rasa har ranar sallama, ya zo da mota yana sauri. Da Baba ne da ya ce masa ya koma da shaddarsa.

Ranar komawa ganin likita a rubuta ta kafin a bar asibiti, cikin mako 2 na farko. Mutumin Zariya yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In ya zame ya sha, ba duka ba, ba kora ba, a dawo da shi a makon. Abin da nake so kowace uwa ta haddace shi ne, bayan wata biyu ko uku babu sha, jiki ya manta da yawan da ya saba. Adadin da da yake sha ya hau babur, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi, balle in ya haɗa da roci ko giya. In aka same shi yana wani irin minshari, ba ya farkawa, numfashi na ja da nisa, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a ce a bar shi ya yi barci. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti mafi kusa, a gaya musu abin da yake sha ba tare da kunya ba, domin akwai allurar nalokzon da ke farfaɗo da mai kodin ko tiramol cikin mintuna in an kai shi da wuri.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma baya zuwa shekarar auren Yaya Babba, in yi bayanin yadda masu sikila da ma'aikatan asibiti kansu ke faɗawa allurar fenta.